Ɗa'ar Aikin Injiniya: Neman Lasisin Wata Jiha Kafin Sauya Wurin Aiki

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ke burin zama injiniya yakan ɗauka cewa da zarar ya ƙware a lissafi da sauran darussan kimiyya, ya kuma karɓi digirinsa, to shi ke nan ya gama. Alhali kuwa akwai wani sashe na wannan sana'a wanda ba a koyon sa a ɗakin gwaje-gwaje, wato ɗa'ar aiki. A wannan darasi za mu ɗauko matsala guda ɗaya daga ƙasar Amurka mu feɗe ta, domin ɗalibai su ga yadda ake auna irin waɗannan al'amura.

Mu ƙaddara wani injiniyan gine-gine ya shekara takwas yana aiki da wani kamfani a jihar Ohayo, kuma yana riƙe da lasisin jihar. Sai buƙatar iyali ta sa yake son komawa jihar Kaliforniya. Bai riga ya sami aiki a can ba, bai kuma shaida wa shugabansa cewa yana da niyyar tashi ba. Shin daidai ne ya fara neman lasisin Kaliforniya tun yanzu, yana karɓar albashin kamfanin Ohayo, ba tare da ya sanar da kowa ba? Ko kuwa yin haka cin amana ne? Lamarin ba ƙarami ba ne a wurinsa. In ya faɗa da wuri, yana iya rasa aikin da ke ciyar da iyalinsa. In kuma ya jinkirta neman lasisin, zai isa Kaliforniya ba shi da ikon sa hannu a kan zane ko guda.

Kafin mu yanke hukunci, wajibi ne mu fara sanin mene ne lasisin, dalilin da ya sa aka ƙirƙiro shi, da kuma wanda aka yi shi dominsa.

2.0 Asalin Lasisin Injiniya a Amurka

Har zuwa farkon ƙarni na 20, duk wanda ya ga dama a Amurka yana iya kiran kansa injiniya. Jihar Wayomin ce ta fara kafa dokar rajistar injiniyoyi a shekarar 1907. Dalili kuwa shi ne, babban injiniyan jihar, Clarence Johnston, ya lura cewa taswirorin da ake kawo wa ofishinsa wajen neman izinin amfani da ruwa, da yawa daga cikinsu waɗanda ba su san aikin ba ne suka zana su.

Wasu jihohin sai da masifa ta auku sannan suka bi sahu. A daren 12 ga Maris, 1928, madatsar ruwa ta St. Francis da ke arewa da birnin Los Anjalis ta fashe, ambaliyar ta hallaka mutane fiye da 400. Wanda ya jagoranci gina ta, William Mulholland, da kansa ya koya wa kansa aikin injiniya, kuma ya duba madatsar da safiyar wannan rana ya ce babu haɗari. A shekarar 1929 Kaliforniya ta kafa dokar rajistar injiniyoyin gine-gine.

Haka kuma a ranar 18 ga Maris, 1937, iskar gas da ta yi yoyo ta taru a ƙarƙashin ginin wata makaranta a garin New London na jihar Tekzas, ta kama da wuta ta fashe. Ɗalibai da malamai kusan 300 suka rasu. Babu wanda ya ji warin iskar, domin a asalinta ba ta da wari. A wannan shekarar majalisar dokokin Tekzas ta zartar da dokar rajistar injiniyoyi, ta kuma wajabta zuba wani sinadari mai wari a cikin iskar gas don a gane in ta yi yoyo. Jihar Montana ce ta ƙarshe a cikin jihohin wancan lokaci, ta kafa tata dokar a 1947.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, don kare rayuka da dukiyar jama'a aka ƙirƙiro lasisi. Kuma da yake tsarin mulkin Amurka ya bar wa jihohi ikon tsara irin waɗannan sana'o'i, kowace jiha tana da hukumarta, lasisin da ta bayar kuma a cikin iyakarta kawai yake aiki.

3.0 Yadda Ake Samun Lasisi

A yawancin jihohi matakai huɗu ne. Na farko, digiri na shekara huɗu daga sashen da hukumar tantancewa, wadda aka fi sani da ABET, ta amince da shi. Na biyu, jarrabawar tushen ilmin injiniya. Na uku, aiki na kimanin shekara huɗu a ƙarƙashin kulawar injiniya mai lasisi. Na huɗu, jarrabawar ƙwarewa a fannin da mutum ya zaɓa. Wanda ya haye waɗannan matakai shi ke da ikon rubuta haruffan P.E. a bayan sunansa, ya kuma mallaki hatimin da zai riƙa bugawa a kan zanensa.

Majalisar hukumomin jihohi, wato NCEES, wadda aka kafa a 1920, ita ke shirya jarrabawar, don haka iri ɗaya ce a ko'ina. Saboda haka wanda ya riga ya sami lasisi a wata jiha galibi ba ya sake zama jarrabawar ƙasa in zai nemi na wata. Zai cika fom, ya biya kuɗi, ya gabatar da shaidar karatunsa da tarihin aikinsa, tare da sunayen mutanen da za su shaide shi. Yawancin jihohi ba su sharɗanta sai mutum yana zaune a cikinsu ba, kuma injiniyoyi da dama suna riƙe da lasisin jihohi barkatai a lokaci guda.

To amma wasu jihohin suna da ƙarin sharaɗi, kuma dalilinsa na kimiyya ne. Gini na yau da kullum an tsara shi ne ya ɗauki nauyin da ke danna shi ƙasa, ita kuwa girgizar ƙasa ta gefe take jijjiga shi. A girgizar da aka yi a unguwar Northridge ta Los Anjalis a 1994, an tarar mahaɗar ƙarafan gine-gine da yawa da aka yi wa walda sun tsage. Kaliforniya takan buƙaci injiniyan gine-gine ya ci ƙarin jarrabawa biyu, ɗaya kan girgizar ƙasa, ɗaya kan safiyo. A jihar Alaska akwai yankunan da ƙasarsu ke daskare shekara da shekaru, in aka ɗora mata gini mai ɗumi sai ƙanƙarar ta narke ginin ya lotsa. Don haka jihar takan nemi a yi kwas kan aikin injiniya a yankin sanyi. A arewacin jihar Minesota kuwa ana haƙa harsashin gini zurfin kimanin mita 1.5, domin ƙanƙarar da ke taruwa cikin ƙasa lokacin hunturu takan kumbura ta, ta ɗaga duk abin da ke kanta.

Ke nan injiniyanmu na Ohayo yana da karatu da jarrabawa a gabansa, abin da zai iya cin watanni. Hausawa na cewa mai ƙwarmin ido da wuri yake fara kuka.

4.0 Nauyin Hatimi

Domin mu gane ko lasisi na wane ne, bari mu duba abin da ya faru a otal ɗin Hyatt Regency na birnin Kansas, jihar Misuri, ranar 17 ga Yuli, 1981. A cikin babban zauren otal ɗin akwai gadojin tafiya uku da aka rataye daga rufi da sandunan ƙarfe, ta hawa na huɗu tana daidai saman ta hawa na biyu. A zanen asali, dogayen sanduna ne za su sauko daga rufi su riƙe waɗannan gadojin biyu, kowace da nata noti. Lokacin aiki sai aka sauya tsarin: sandunan sama suka tsaya a gada ta sama, aka rataye ta ƙasa a jikin ta sama.

Mai karatu ya kwatanta guga biyu cike da ruwa. In aka ɗaura kowane a jikin igiya guda, kowane ƙulli nauyin guga ɗaya yake ɗauka. In kuwa aka rataye na ƙasa a jikin na sama, to ƙullin na sama ya ɗauki nauyin biyu ke nan. Abin da ya faru ke nan: nauyin da ke kan mahaɗar gadar sama ya ninka. Da jama'a suka cika gadojin biyu ana wani taron rawa, sai suka rufto, mutum 114 suka rasu, fiye da 200 suka ji rauni. A 1986 hukumar jihar Misuri ta ƙwace lasisin injiniyoyi biyu da ke da alhakin zanen.

Darasin da ya shafe mu a nan shi ne, sunan mutum ne a jikin hatimi, kuma shi ake kira ranar da gini ya faɗi. Hukuma ce ke ba shi lasisin da sunansa, bisa karatunsa da jarrabawar da ya ci, in ya bar kamfani kuma da abinsa yake tafiya.

5.0 Hujjojin Ɓangarori Biyu

Ƙungiyar ƙwararrun injiniyoyi ta Amurka, wato NSPE, wadda aka kafa a 1934, tana da kundin ɗa'a. Daga cikin ginshiƙansa akwai fifita lafiya da amincin jama'a a kan komai, da tsayawa a fannin da mutum ya ƙware, da riƙe amanar wanda ake yi wa aiki, da guje wa yaudara. Kundin ya kuma umarci injiniya ya bi dokokin rajista na jihar da yake aiki a cikinta.

Masu ganin laifin injiniyanmu sun dogara ne da ginshiƙin riƙon amana. Suna cewa kamfanin ne ya horar da shi, ya ba shi ayyukan da a yanzu zai lissafa a fom ɗinsa, kuma yana tsara ayyukan gaba bisa zaton cewa yana nan. Ta yaya zai riƙa shirin tafiya a ɓoye?

Wannan hujja tana da ƙarfi, amma ga amsarta. Da farko, amanar ma'aikaci ita ce ya yi aikin da ake biyan sa da gaskiya, ya kiyaye sirrin kamfani, kada kuma ya yi masa zagon ƙasa. Ba ta haɗa da alkawarin zama har abada ba. Na biyu, neman lasisi bai zama ajiye aiki ba. Yana iya faɗuwa jarrabawar, yana iya rasa aiki a can, yana kuma iya fasa tafiyar. Babu wata ƙa'ida da ta ce sai mutum ya sanar da duk tunanin da ke ransa. Na uku, a kusan dukkan jihohin Amurka, ban da Montana, doka ta ba mai kamfani damar sallamar ma'aikacin da ba shi da yarjejeniya ta musamman a duk lokacin da ya so, muddin ba don wani dalilin da doka ta haramta ba, kamar wariyar launin fata. Wanda ya bayyana niyyarsa wata shida kafin lokaci yana iya wayar gari an sallame shi, ya saki reshe ya kama ganye. Na huɗu, wanda shi ne mafi muhimmanci, jama'ar Kaliforniya su ma suna da haƙƙi. Gara injiniyan da zai zana musu gini ya iso ya riga ya san girgizar ƙasa, da ya iso babu lasisi, matsin aiki ya sa shi yin abin da doka ba ta ba shi izini ba.

Bisa ga haka, neman lasisin a kan kansa babu aibi, hasali ma shi ne abin da ya dace. Sai dai a kan hanyar neman akwai wuraren da ƙafa ke iya zamewa.

6.0 Wuraren da Ake Zamewa

(a) Lokaci da kayan aiki. Karatun jarrabawa da cika fom a lokacinsa na kansa zai yi su. In ya yi amfani da sa'o'in ofis, ko kwamfuta da injin buga takardu na kamfani ba tare da izini ba, ya taɓa abin da ba nasa ba.

(b) Kuɗi. Kamfanoni da yawa suna biya wa ma'aikatansu kuɗin lasisi, domin suna sa ran amfana da shi. Wanda ya kai wa kamfani rasit ɗin lasisin da ya san don barin su ya neme shi, yana nuna kamar don amfaninsu ne, ya yi yaudara. Daga aljihunsa zai biya.

(c) Masu shaida. Wannan shi ne wuri mafi wuya. Mai son ajiye tarihinsa a wurin NCEES ana buƙatar ya kawo masu shaida biyar, uku daga cikinsu injiniyoyi masu lasisi, sannan a tabbatar da ayyukan da ya ce ya yi. Yana da damar ya nemi tsofaffin shugabanninsa ko abokan aiki da suka san aikinsa da idonsu. Abin da bai halatta ba shi ne ya sa wanda bai taɓa ganin aikinsa ba ya sa hannu, don kawai kada shugabansa ya ji labari.

(d) Gaskiya a fom. Kada ya ƙara gishiri, ya ce shi ya jagoranci aikin da taimakawa kawai ya yi. Fom ɗin yakan tambayi ko wata hukuma ta taɓa hukunta shi, kuma hukumomin jihohi suna musayar irin wannan bayani. Wajen bayyana ayyukansa kuma, ya faɗi irin aikin da rawar da ya taka, kada ya fitar da zane ko lissafin da yake sirrin kamfani ne ko na masu ba su kwangila.

(e) Shiru da ƙarya. In shugabansa ya tambaye shi kai tsaye dalilin neman lasisin, yana iya faɗin gaskiya, yana kuma iya cewa lamari ne na iyali da bai shirya tattaunawa ba. Amma kada ya ƙirƙiro labari. Sunayen masu lasisi a buɗe suke, kowa na iya duba su a intanet, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne.

(f) Lokacin da shiru ke zama yaudara. Mu ƙaddara ya riga ya karɓi aiki a Kaliforniya, sai ga kamfanin Ohayo yana shirin neman kwangilar gada ta shekara biyu, an sa sunansa a matsayin injiniyan da zai jagoranci aikin. A nan shiru ya daina zama kare kai, domin mai ba da kwangilar zai yanke shawara bisa bayanin da injiniyan ya san ba gaskiya ba ne. Dole ya yi magana kafin a miƙa takardun.

(g) Kwashe ciniki. Kundin ɗa'a ya hana injiniya ya shirya wa kansa sabon aiki a kan wani takamaiman aiki da ya sami ilmi na musamman a kansa, sai da yardar duk waɗanda abin ya shafa. Ke nan ba zai ja masu hulɗa da kamfanin su bi shi ba yana cikin cin albashinsa.

(h) Riga malam masallaci. Kafin lasisin ya fito, a takardar neman aiki zai rubuta cewa yana da lasisin Ohayo, na Kaliforniya kuma yana kan nema. Ba zai gabatar da kansa a matsayin mai lasisin jihar ba, balle ya buga hatimi a kan aikinta.

(i) Miƙa aiki. Al'adar Amurka ita ce a ba da sanarwar mako biyu. To amma jihohi da yawa suna buƙatar kowane kamfanin injiniya ya kasance yana da mai lasisin da ke ɗauke da alhakin ayyukansa. In shi kaɗai ne mai lasisi a kamfanin, ko kuma akwai ginin da ya buga wa hatimi ana tsakiyar yin sa, mako biyu ba zai isa ba. Ya kamata ya ƙara wa'adi, ya rubuta wa magajinsa duk lissafin da bai kammala ba da duk sauyin da ke jiran dubawa. Abin da ya faru a birnin Kansas ya nuna irin ɓarnar da sauyi ɗaya da ba a lissafa ba ke iya jawowa.

7.0 Yadda Abin Yake a Nijeriya

A Nijeriya tsarin ya bambanta. Majalisar kula da aikin injiniya, wato COREN, wadda aka kafa da doka mai lamba 55 ta 1970, aka kuma yi wa gyara a 1992, ita ke yi wa injiniyoyi rajista a ƙasar baki ɗaya. Don haka wanda ya bar aiki a Kano ya koma Fatakwal ba ya buƙatar sabon lasisi. Wannan matsala takan sami injiniyanmu ne in zai ƙetare iyakar ƙasa, domin rajistar COREN ba ta ba shi ikon buga hatimi a wata jihar Amurka ba, sai ya cika sharuɗɗan hukumar can. A wannan hali, duk ƙa'idojin da muka lissafa a sama sun hau kansa.

8.0 Kammalawa

A wannan darasi mun ga cewa an ƙirƙiro lasisin injiniya ne don kare jama'a, kuma na mutumin da sunansa ke jikinsa ne. Mun ga cewa injiniyan da ya nemi lasisin wata jiha kafin ya sauya aiki bai ci amanar kowa ba, ba kuma dole ne ya sanar da niyyarsa tun ranar farko ba. Sharaɗin shi ne ya yi da lokacinsa da kuɗinsa, ya faɗi gaskiya ga hukuma, kada ya yi wa shugabansa ƙarya, ya buɗe baki ranar da shirunsa zai cutar da wani, sannan ya miƙa aikin da ke hannunsa cikin tsari. Akwai hanya mai sauƙi da zai auna kansa: ya ƙaddara ranar da zai ajiye aiki an shimfiɗa wa shugabansa duk abin da ya yi a cikin waɗannan watanni. In abin da shugaban zai ji bai wuce takaicin rabuwa da ma'aikaci nagari ba, to injiniyan ya fita. In kuwa zai tarar da abin da aka ɗauka nasa, ko ƙaryar da aka yi masa, to da sauran gyara.

Tambayoyi Don Tattaunawa a Aji

1. Kawo dalilai biyu na kimiyya da suka sa wasu jihohin Amurka ke ƙara sharaɗi kafin ba da lasisi.
2. Zana tsarin asali da tsarin da aka sauya na gadojin otal ɗin Hyatt Regency. In nauyin kowace gada tan 30 ne a misalce, nawa mahaɗan gadar sama ke ɗauka gaba ɗaya a kowane tsari?
3. Mene ne bambanci tsakanin yin shiru da yin ƙarya? Kawo misalin lokacin da shiru ke zama yaudara.
4. Da kai ne shugaban kamfanin, sai ma'aikacinka ya roƙe ka ka shaide shi don neman lasisin wata jiha, mene ne ɗa'a ta ɗora maka?